Shekarar da Na Tsayar da Kabiru a Aji Shida

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidan nan da gidan Baffanku Sale, wai ni na danne yayanku Kabiru shekara guda a firamare don in yi suna a gari. Wasunku sun ji ta a bakin mata wurin biki, wasu a majalisa, ni kuwa ban taɓa zama na ba ku amsa ba, domin a lokacin ina ganin bai dace uba ya tsaya kare kansa a gaban 'ya'yansa ba. Yanzu da na ajiye alli, ido kuma ya fara gajiya da ƙananan rubutu, na ga gara in rubuta abin yadda ya faru, da inda na yi daidai da inda na kuskure, kowa ya auna da kansa. Sunan yayan naku ma sai a takarda nake iya kawo shi haka kai tsaye. Ɗan fari ne, bakina bai saba ba.

A shekarun da aka fara shari'a ni ke riƙe da aji shida a firamaren garinmu, nan kusa da garin Babban Mutum. Lokaci ne da kowa bakinsa amana. A kasuwa ana bi ana duba mudun masu awo, wanda aka samu ya lotsa gindin nasa ya sha kunya a gaban jama'a. A makaranta kuwa abin da ya canza kaɗan ne: 'yan mata suka sa hijabi, aka mayar da su layin taga, maza suka koma layin ƙofa. Sauran al'amura suna nan yadda muka gaje su. Aikin malamin aji shida shi ne ya shirya yara jarrabawar shiga sakandare, wadda muke kira kwaman, kuma shirin namu sananne ne. Mu rubuta a allo, mu karanta da ƙarfi, yara su bi mu baki ɗaya har ginin ya ɗauka. Ranar jarrabawa kuma, in an raba takardu, mai sa ido ya fita shan iska, ɗayanmu ya shiga ya rubuta amsoshi a allo, a goge kafin ya dawo. Ba ma kiran abin sata. Taimako muke ce masa. Na yi wannan taimako shekaru da dama da hannuna, ban kuma taɓa rasa barci a kansa ba.

Abin ya fara ne ranar da na shiga Daura gaisuwar rasuwa, na haɗu da Malam Tukur, abokina tun kwalejin horon malamai, wanda ke koyarwa a wata sakandaren kwana a can Daura. Bayan an shafa fatiha muka koma inuwa muna taɓa hira, har na shiga yi masa alfahari da yawan yaran da muke turawa duk shekara. Ya bar ni na gama.

"Sani, yaran naku fa ba sa kai mana ƙarshen zango na biyu," in ji shi.

Na ce ko abinci ne ba ya isarsu, ko manyan ɗalibai ke cin zalinsu.

"Ba yunwa ba ce, ba duka ba ne. Kunya ce. Yaro ya zo da maki kamar me, ka nuna masa jadawalin darasi a bango ya kasa gane me za a yi yau. Wata uku yana kwafar abin da ke allo kamar mai zanen hula, bai san me yake zanawa ba. Ranar da aka ce ya tashi ya karanta, washegari sai ka tarar da gadonsa ba tabarma."

Ban yi masa musu ba, ban kuma yarda ba. Amma da na dawo gida maganar ta ƙi barina. A makon nan na ɗauki wata takarda da malaman gona suka raba a gari, ta yadda ake adana wake kada ya yi ƙwari, da Hausa aka rubuta ta ba ma da Turanci ba, na sa kujera a baranda, na riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya. Takarda ce da ba su taɓa jin na karanta ba. Waɗanda suka iya karanta ta tiryan-tiryan ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wasu suka yi ta haɗa baƙi da wasali har suka fitar da layi ɗaya da ƙyar. Mafi yawa suka tsaya suna kallon takardar suna kallona.

Kabiru na bari sai ƙarshe, don ban ga dalilin gwada shi ba. Tun aji ɗaya bai taɓa wuce na uku ba. Ya karɓi takardar, ya dubi hoton buhu da wake da ke samanta, ya gyara tsayuwa, sai ya fara. Ya ce manomi ya shanya wakensa sosai kafin ya zuba a buhu, ya nisanta shi da ƙasa mai laima, ya riƙa dubawa lokaci-lokaci. Murya a sake, ba gargada, magana mai ma'ana. Sai dai babu ko ɗaya daga cikin abin da ya faɗa a takardar. Na sa yatsa a kan kalmar farko na ce ya faɗa mini ita kaɗai. Ya yi shiru. Na matsa zuwa ta biyu. Ya yi shiru. Yaro ne mai kunne. Abin da ya ji sau ɗaya ya zauna, kuma shekara shida kunnen nan ne ke yi masa karatu.

Za ku tambaya yaya aka yi malami bai san ɗansa bai iya karatu ba. Amsar ba ta da daɗi amma gajeriya ce. Tun da aka yaye shi yake ɗakin kakarku Inna, can yake ci can yake kwana. Ni ba na zama da shi, ba na kiran sunansa, haka muka tarar ana yi da ɗan fari. A aji kuma idona tsallake shi yake yi, ba na jefa masa tambaya don kada a ce Malam yana fifita nasa. Ke Rabi, da kike bi masa, a gefena kika koyi karatu tun ba ki shiga makaranta ba, kina jan littattafan da nake dubawa ina ture hannunki. Shi bai taɓa samun wannan ba. Kunyar da na ɗauka tarbiyya ce ita ta rufe mini ido.

Na sami hedimasta na gaya masa abin da na gani, na ce a ganina duk yaron da bai iya karatu ba a bar shi ya ƙara shekara, in fara da su daga tushe. Dattijo ne mai haƙuri, ya kusa ritaya, bai kuma ɗauki maganar da zafi ba.

"Malam Sani, aji biyar na nan tafe, a ina za ka zuba su? Kuma wa zai tari iyaye? Sunan kowa zai tafi. Ranar jarrabawa a taimaka musu yadda aka saba, in sun je can Allah ya buɗa musu."

Na ce ni dai hannuna ba zai ƙara rubuta amsa a allo ba.

"Wannan tsakaninka da Allah ne, akwai masu rubutawa. Amma cire sunan yaro, ba ni da ikonsa, ba ka da shi. Uba kaɗai ke iya cewa a bar masa ɗansa."

Da wannan maganar na fito daga ofishinsa. A duk ajin nan yaro ɗaya ne nake ubansa.

Nan ne wurin da nake so ku karanta a hankali, domin nan laifina yake. Na yanke shawarar ranar Alhamis. Ina da Juma'a da Asabar da Lahadi da zan iya kiran yaron in zaunar da shi in yi masa bayani, ko in gaya wa mahaifiyarku, ko Inna. Ban yi ba. Na san mutanen garinmu. In na bi gida-gida ina cewa a bar yara su maimaita, tambayar farko ita ce, naka fa? Na so amsar ta riga ni isa gidajen. Don haka ranar Litinin da safe na tsaya gaban aji na karanta sunayen masu zana jarrabawa, kowa yana amsawa, har na kai ƙarshe na naɗe takarda. Kabiru ya ɗaga hannu.

"Malam, an tsallake ni."

"Ba a tsallake ka ba. Kai za ka maimaita aji shida, domin ba ka iya karatu ba."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Na daka musu tsawa suka yi shiru. Shi kuwa ya sauke hannunsa ya ɗora a kan benci, bai yi kuka ba, bai fita ba, ya zauna har aka tashi. Lissafina ya yi daidai: kafin azahar babu gidan da labarin bai shiga ba. Ba don in yi suna na yi ba, wannan ƙarya ce. Amma na yi amfani da yaron don in buɗe ƙofofin mutane, kuma ban nemi izninsa ba, ban ko gargaɗe shi ba. Masu cewa na yi abin ne don idon jama'a ba su faɗi gaskiya duka ba, amma ba su rasa abin kamawa ba.

Da na dawo gida na tarar mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai da na zauna ta ajiye rariya.

"Malam, a bakin 'yar maƙwabta zan ji abin da ya sami yaron nan? Ni ba a bakin komai nake ba a gidan?"

Na ce mata bai iya karatu ba, in ya tafi haka gudowa zai yi.

"Ban yi musu ba, kai ne malami. Amma shekara shida yana gabanka. Shi ya ƙi koyo ko kai ka ƙi dubawa? In laifin na mutum biyu ne, don me shi kaɗai aka tsayar a gaban aji?"

Sai na yi abin da maza ke yi in an ƙure su, na ce a kawo mini ruwa. Inna kuwa ba ta jira na je gaishe ta ba, ta fito da sandarta har ƙofar ɗakina. Kun san yadda take kiransa mijinta.

"Ka kunyata mini miji a gaban yaran gari. Ubanka bai yi boko ba, amma bai taɓa yi maka faɗa a gaban baƙo ba. Tun da ya dawo yake kwance ya juya wa ƙofa baya, furar ma ya ƙi sha. Wannan shi ne ilimin?"

Bayan la'asar Yaya Sale ya zo. Ɗansa Nura sa'an Kabiru ne, ajinsu ɗaya, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya suna kallon takardar wake. Na yi niyyar in fara da gidansa, sai ga shi ya hutar da ni tafiya. Muka zauna a zaure. Na gaya masa gaskiyar abin da na gani game da Nura, na roƙe shi ya bar mini shi shekara ɗaya. Yaya Sale mutum ne da ya yi rayuwarsa a kasuwar dabbobi, daga Mai'aduwa zuwa cikin Nijar, kuma ba ya son dogon zance.

"Sani, ni na san rago. In ka riƙe shi ya wuce lokacinsa ba ƙiba yake ƙarawa ba, ci kawai yake yi. Yaro in sa'o'insa suka wuce suka bar shi, zuciyarsa ce ke mutuwa. Nawa zai tafi. Naka kuma naka ne, amma ka sani jininmu ne ka sa ake yi wa dariya."

Na ce masa makin da muke ba yaran nan mudu ne mai lotsattsen gindi, kuma shi da kansa yana cikin masu yabon gyaran da aka yi a kasuwa.

"Mudu ba ya jin kunya," ya ce, ya tashi ya sa takalmansa.

Na bi gidaje kamar yadda na shirya. Wasu suka saurare ni don girmamawa suka sallame ni da addu'a. Wani ya ce in yaron ya ƙara shekara wa zai yi masa kiwo. Wata tsohuwa mai riƙon jikanta ta ce tunda na yi wa nawa, ita ma a yi wa nata. A ƙarshe iyaye shida suka yarda, da Kabiru bakwai. Ranar jarrabawar shekarar ban je makaranta ba, na tafi gona. Wani ya yi taimakon, kowa ya ci, Nura ya sami sakandaren jeka-ka-dawo.

Da sabuwar shekarar karatu ta kama, 'yan aji biyar suka hau, cikinsu har da ke Rabi. Wannan ban lissafa da shi ba sai da na ga ku biyu a aji ɗaya, ke a layin taga shi a layin ƙofa. Kin daina ɗaga hannu a shekarar nan ko da kin san amsa, kina tsammanin ban lura ba. Na lura. Na canza yadda nake koyarwa gaba ɗaya. Na daina karatun baki ɗaya; kowa shi kaɗai zai tashi, ko layi ɗaya ne. Bayan la'asar kuma yaran nan bakwai, da duk wanda ya ga dama, su zo ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu mu koma baƙi da wasali kamar 'yan aji ɗaya. Littattafai ba su ishe mu ba, don haka muka karanta duk abin da ke da rubutu a garin: buhun taki, kwalin ashana, takardar allurar rigakafi, rubutun bayan manyan motocin da ke wucewa bakin iyaka. A ƙasa suke rubutu da tsinke, in an yi kuskure a shafe da tafin hannu, babu jan biro da zai zauna yana tuna wa yaro. Daga baya muka shiga Turanci da lissafi, sannan abubuwan da babu su a manhaja amma Malam Tukur ya ce su ke kayar da yaran ƙauye: yadda ake duba jadawali, yadda malamai ke canzawa duk bayan ƙararrawa ba mutum ɗaya ke yini da kai ba, yadda za ka wanke kayanka ka adana sabulunka, da yadda za ka buɗe baki ka ce ban gane ba. Wannan na ƙarshen sai da na sa suka yi ta faɗarsa da Turanci har ya daina yi musu nauyi.

Kabiru bai taɓa fashi ba. Shi ke fara zuwa, ya share wurin, ya zauna can baya. Bai taɓa yin tambaya ba, in na tambaye shi ya amsa daidai abin da aka tambaya ya tsaya. In Nura ya wuce da farin yunifom ɗinsa da jakar littattafai, shi sai ya sunkuyar da kai yana gyara rubutunsa a ƙasa. Wajen wata na huɗu, wata ranar Asabar da hantsi, na zo wucewa ta bayan ɗakin Inna na ji murya. Littafin Rabi ya ɗauka yana karanta wa kakarsa, a hankali, yana tuntuɓe, ya koma baya ya sake ɗaukar kalma. Tuntuɓen nan ne ya tabbatar mini karatu yake yi ba hadda ba. Inna tana cewa, "Iye, ci gaba, sai aka yi yaya?" Na tsaya har ya kai ƙarshen shafi. Da na yi sallama ya rufe littafin ya tura ƙarƙashin tabarma, ya gaishe ni ya fita.

Ana saura kamar wata biyu jarrabawa na nemi Malam Tukur ya nema mana izni mu kawo yaran su ga makarantarsu da idonsu. Mota ce ta gagara. Ban roƙi Yaya Sale ba, domin tun ranar zaure gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shi ya aiko direbansa da a-kori-kurar da yake ɗaukar awaki, an wanke ta an shimfiɗa tabarmi, da saƙon cewa a dawo masa da ita kafin magariba. Haka yake, bai taɓa cewa na yi daidai ba har ya koma ga Allah, amma motar ta zo. Yawancin yaran ranar suka fara ganin Daura. Aka zaga da su ɗakin kwana da ɗakin cin abinci, suka ga gado mai hawa biyu suna ta taɓawa, sannan aka zaunar da su a bayan wani aji ɗaya ana darasin kimiyya da Turanci. Na tsaya a taga ina kallonsu. Wasu sun tsorata, ya nuna a fuskarsu. Kabiru kuwa idonsa na kan allo, leɓɓansa na motsi. A hanyar dawowa yara suna ta surutu, wata yarinya ta tambaye shi ko ya gane abin da malamin ya ce.

"Ban gane duka ba," ya ce. "Amma na karanta abin da ya rubuta."

Ba da ni yake ba, amma ina gaban mota gilashi a buɗe, na ji.

Ranar jarrabawa na je da wuri. Aka raba takardu, mai sa ido ya fita shan iskarsa, ni kuma na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofar ajin. Malamin da ya zo da alli a hannu ya dube ni, ya dubi hedimasta, hedimasta ya dubi sama, sai ya mayar da allin aljihu. Da sakamako ya fito makin garinmu bai taɓa yin ƙasa kamar na shekarar ba. Yara da dama ba su sami makarantar da iyayensu suka so ba, wasu ba su sami ko ɗaya ba, kuma akwai gidajen da har yau ba a manta mini ba. Ba na ganin laifinsu; a ƙauyukan da ke kewaye da mu an yi taimako, 'ya'yansu sun wuce, namu sun tsaya saboda ni. Cikin bakwai ɗin nan biyar suka ci da hannunsu. Kabiru ya sami makarantar kwana, ke Rabi kika sami ta 'yan mata. Da aka dawo hutu aka ɗauke ni daga aji shida aka ba ni aji uku, ba tare da an faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. A aji ukun na zauna har na yi ritaya, kuma a can na gane tun farko nan ya kamata a tare matsalar.

Kada ku ɗauka ƙarshen labarin ya wanke ni. Nura ya bar makaranta a shekararsa ta biyu, irin abin da Malam Tukur ya faɗa, ya kama kabu-kabu a Kongolam, bakin iyaka. Yau ga shi da motocinsa, shi ya kai ubansa Makka, shi ya sake ginin masallacin unguwarmu, kuma duk wata takarda da ta zo masa akwai wanda zai karanta masa. Yayanku ya gama, ya yi makarantar kiwon lafiya, yana aikinsa a asibitin karkara, yana cin halalinsa ba yabo ba fallasa. Wanda ya ce Yaya Sale ne ya yi daidai yana da hujja. Ni abin da na sani shi ne in aka mayar da ni shekarar zan sake tsayar da shi, amma zan kira shi zaure tun ranar Alhamis in gaya masa da bakina, in kuma gaya masa laifin nawa ne.

Ranar tafiyarsa ni na ɗora akwatinsa na ƙarfe a bayan keke muka taka zuwa tasha, shi yana riƙe da bokiti da tabarma. Na shirya maganganu da yawa a raina. Da muka isa abin da ya fito shi ne ya riƙe salla, ya kula da kayansa, in bai gane ba ya tambaya. Ya durƙusa ya saurara har na gama.

"To, Malam," ya ce.

A makaranta kaɗai yake ce mini Malam, a gida Baba ne kamar kowannenku. Na ɗauka bakinsa ne ya zame saboda sabo. Ba zamewa ba ce. Kun dai ji yadda yake kirana har yau, da furfura a gemunsa.

Bayan kamar mako shida direban motar Daura ya kawo wasiƙa. A bayan ambulan sunan mahaifiyarku ne. Ita ba ta yi boko ba, Rabi kuma tana makaranta, don haka ta juya ta, ta sake juyawa, sannan ta miƙo mini. Na zauna a kan turmi na karanta mata, Inna ta jawo kujerarta kusa. Shafi guda ne da rabi. Ya ce yana lafiya, abinci ba laifi sai dai miyar ruwa ce, an ba shi gadon sama, an yi gwaji ya zo na tara a ajinsu. Ya ce wani yaro ɗan wajen Mashi da ke gadon ƙasa bai iya karatu ba, shi yake koya masa a bayan ɗakin kwana inda ba mai ganinsu. Ya gai da Inna ya ce ta ajiye masa ƙuli-ƙuli, ya gai da Baffa Sale da Nura, ya bi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya da suna har da wadda ke goye. Ina karantawa idona na neman kuskure, halin aiki, ban sami ko ɗaya ba sai wata ƙugiya da ya manta a kan harafin ɗ. Layin ƙarshe, ƙasa da sunansa, kamar wanda ya tuna bayan ya gama, ya rubuta: ki gai da Malam.

Na naɗe takardar na miƙa mata. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zaninta, ta dube ni.

"An gaishe ka," ta ce. "Ba ka amsa ba."

Na ce ina amsawa.